Karatuna na Farko a Jikin Taya

Ranar wata Laraba ce cikin kaka, shekarar da nake aji uku na firamare, ana tsakiyar karyar masara. Ina dawowa daga makaranta na wurgar da jakata a zaure, ko abinci ban tsaya nema ba, na suri tsohuwar tayata da sanda na fito ina gara ta a gangaren da ya tashi daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titin Funtuwa zuwa Malumfashi. Ina kukan mota da baki, ina canja giya, ni a dole direban tirela ne ya ɗauko auduga. Can a gindin dalbejiya na hango wasu fararen abubuwa guda biyu a tsaye, na ɗauka buhunan masara ne aka jingine ana jiran mota, don haka ban ko rage gudu ba. Sai da tayar ta daki ɗaya daga cikinsu na ji ya yi salati, sannan na gane mutane ne. Wanda na buge Malam Garba ne, malamin ajinmu. Wanda ke tsaye kusa da shi kuwa Babana ne.

Ashe maganata ce ma ta kawo Malam. Ya tako ne ya gaya wa Baba cewa shekara ta uku ke nan ina zaune a benci, amma in aka nuna mini harafi a allon bango ba na iya faɗin sunansa. Baba bai dake ni ba ranar, kuma wallahi da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sunkuya ya ɗauki tayar, ya dube ni ya ce, "Hamisu, daga yau zuwa saukar ruwan fari. In damina ta faɗi ba ka iya karatun nan ba, ka bar musu bencinsu, ka zo ka riƙe mini shanun huɗa." Ya miƙa wa wani yaro tayar ya ce ya kai ta rumfar Kawuna, a yanka a yi takalma da ita. Baba ba ya magana biyu, kowa a gidanmu ya san haka.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, a makarantar allo ba ni da na biyu a cikin sa'o'ina. Da asuba in muka zauna a soron Alaramma, ina rungume da allona har hancina na gogar tawada, nakan biya karatu in haddace tun kafin wasu su gama wanke nasu. To yaron da ya iya wannan, a ce ya kasa boko? Sai gari ya rabu biyu a kaina. Wasu suka ce boko ne bai karɓe ni ba, akwai irin kan da Allah ya yi shi don allo kaɗai. Baba kuwa ya tsaya a kan cewa taurin kai ne da son wasa. Ga hujjoji kuwa birjik a gabansa: in aka tura ni kiwon awaki sai na dawo babu ɗaya ko biyu, in aka sa ni korar tsuntsaye a gonar gero sai su ci su ƙoshi ina tsaye a kan dakali ina kallon sama. A filin ƙwallo ma ba mai son a raba da ni, gola suke sa ni, ƙwallon ta wuce ta gefen kunnena ina nema. Suka laƙaba mini Sakarai, har ƙannena suka fara gwadawa in Inna ba ta kusa.

Ni kuma, Allah ya sani, ina son makarantar nan kamar raina. Ina son ƙarar ƙarfen da ake bugawa da safe, da waƙar lissafi da muke rerawa har bango ya amsa, da labaran da Malam Garba yake ba mu in ya ga mun gaji. Duk abin da aka faɗa da baki yana zaune a kaina daram. Matsalar ita ce a ajinmu da tsawo ake zama, gajeru a gaba, dogaye a baya, ni kuwa tun ina ƙarami zanƙalele ne, don haka wurina na jikin bangon baya kusa da tsintsiyoyi. Littafi kuwa ɗaya ne tak, yana hannun Malam, komai a allon bango ake rubuta shi. Daga inda nake, allon baƙin abu ne da farin hazo a kansa, kuma na ɗauka haka kowa yake ganinsa, sauran yara dai sun fi ni basirar cankowa ne. Ban taɓa tunanin in ce ba na gani ba, don ban san akwai wani ganin da ya wuce nawa ba.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta ko kama sunana, balle ta tsaya mini a gaban Baba. Sai dai "wannan yaron". Ranar da aka yanke mini hukunci tana bakin murhu tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, har na ji haushinta. Amma washegari da na dawo daga makaranta, sai ta zuba tuwo da miyar kuka a kwano ta ɗaure da tsumma, ta ajiye a gabana tana kallon wani wajen ta ce, "A kai wa Yaya, kuma daga yau kai za ka riƙa kai masa." Ƙanwata ce mai kai abincin a da. A lokacin na ɗauka ƙarin horo ne.

Kawu Sale wan Inna ne, shi ne mai faci na garinmu. Rumfarsa ta kwano tana bakin titi, da rabin duro na ruwa baƙi ƙirin da yake tsoma tif ɗin taya yana neman inda iska ke fita, da famfo na hannu, da tulin tayoyi a baya inda ƙadangaru suka mai da gidansu. A da direba ne, ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Funtuwa da kudu, har ranar da tayar gaba ta fashe masa da lodin citta. Ya tsira da rai amma ƙafarsa ta hagu ta gajarce, yana ɗingishi. Tun daga nan ya ɗauki taya da muhimmanci irin wanda mutane ke ɗauka wauta ne. Ya bi wani tsohon makanike a Kaduna ya koyi ma'anar duk wani rubutu da ke jikinta. Kawu bai yi boko ba, in ka ba shi jarida sai dai ya naɗe ƙosai da ita, amma baƙaƙen nan da lambobi na jikin taya ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ga faɗa, ga tsokana, ga dariya mai ƙarfi da ake jiyowa daga masallaci.

Na tarar da tayata a rataye a ƙusa, ba a yanka ta ba. Na ajiye kwano na tsaya ina kallonta kamar maraya. Kawu ya gama cin tuwonsa tsaf, ya suɗe hannu, sannan ya ce, "Direba, an kama maka mota ke nan. To ni ba na ba da mota ga wanda bai san sunanta ba. Ga shi nan an rubuta a jikinta, ranar da ka karanta mini, ka ɗauki abarka." Na sauko da ita na ɗora a cinya. Shekara guda ina gara tayar nan, ban taɓa lura da cewa akwai rubutu a gefenta ba. Rubutu ne mai tudu, manya-manya, ina ganinsa tar da yake yana gaban hancina, kuma ina jin sa da yatsa. Kawu ya kama ɗan alina ya bi da shi a kan na farko ya ce wannan ɗaya ne, na biyu bakwai, na uku biyar.

Haka muka fara, kullum bayan azahar, tsakanin mai keke da ya kawo faci da mai babur da ke son iska. Tayata ta ƙaramar mota ce, an rubuta mata 175/70 R13, can gaba kaɗan kuma 82T. Kawu ya ce lambar farko faɗin tayar ne, ya sa na auna da tafin hannu na kwatanta da wata mai 195 don in ga ta fi ta ƙiba. Ta biyu tsayin gefenta ne in an gwada shi da faɗin, ta ƙarshe kuma girman ƙarfen da za a sa ta a kai, shi ya sa mai sha uku ba za ta taɓa shiga gurbin mai sha huɗu ba ko za a kwana ana dukanta da guduma. Harafin R ya ce yana nuna yadda aka jera zaren da ke cikinta. Lambar 82 ita ya fi ba wa muhimmanci, don ita ce ta nauyi, kuma shi da buhu yake fassara ta: "Wannan ba ta kai buhu biyar na masara ba, kuma kada ka manta ita kanta motar tana da nauyinta." Mai 91 ya ce buhu shida ce da ɗan ɗori. Harafin da ke biye da lambar na gudu ne, T ta fi S, H ta fi T. Akwai kuma wasu ƙananan lambobi a cikin wani ɗan zagaye da ya kira ranar haihuwar taya, biyun farko mako ne, na ƙarshe shekara. A lokacin guda uku ne, yanzu sun koma huɗu.

Na sha ganin yana rigima da masu akori-kura a kan wannan. Mutanenmu da zane suke sayen taya, in dai zanen yana da zurfi, su buga mata ƙafa su ji ta yi tauri, shi ke nan ta yi. Sai mutum ya sayo tayar ƙaramar mota ta gwanjo ya ɗaura wa motar da zai labta wa buhuna har sama, da fasinja a kan buhunan, da awaki a kan fasinjan. Kawu ya dinga nuna musu cewa ta ɗaukar kaya akwai harafin C a bayan lambarta. Wani ya ji, wani ya ce ai komai na Allah ne. Sai Kawu ya buga gajeriyar ƙafarsa a ƙasa ya ce shi ma haka ya faɗa a lokacinsa. Akwai wani Alhaji da ya sayi sabuwar taya ya ɓoye ta a ɗaki shekara da shekaru kamar yadda ake ajiye dawa a rumbu, ya fito da ita yana alfahari ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba. Kawu ya sa ni na karanta ranar haihuwarta, sannan ya lanƙwasa gefenta ya nuna masa ƙananan tsagu. "Alhaji, roba ko tana kwance tsufa take yi," in ji shi.

Kafin sanyi ya wuce na san lambobi duka, na san mafi yawan baƙaƙe. Waɗanda babu su a jikin taya sai Kawu ya tare duk wani ɗan sakandare da ya zo shan iska ya sa shi ya rubuta mana da gawayi a jikin kwanon rumfa, mu koya tare, shi yana gardama wai an yi wa harafin ƙafa da yawa. Na karɓi tayata tun tuni, amma na daina gara ta sosai. Sai dai a aji babu abin da ya canja. Malam Garba ya nuna harafi da sanda, in miƙe in yi tsuru-tsuru, aji ya fashe da dariya. Zafi ya fara shigowa, aka fara kai taki gona a kan jakuna, Baba ya fito da garma yana gyara ta a tsakar gida. Duk lokacin da na ji ƙarar gudumarsa a kan ƙarfen nan sai in tuna ruwan fari na nan tafe. Kawu da kansa abin ya dame shi, har ya tambaye ni ko tsoron Malam ne yake kama mini harshe.

Wata rana yana fama da wata tayar babbar mota, hannunsa duk gam, ya ce in duba masa lambar wata da ke jingine a ƙarshen rumfa. Na miƙe zan je, ya ce in faɗa daga inda nake mana, ai ga ta nan ƙuru-ƙuru. Na ƙanƙance ido, na karkata kai, na ce ba a gani daga nan. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya sa na matsa kaɗan, ya tambaya, na ce a'a. Na ƙara matsawa, a'a. Sai da na zo inda zan iya miƙa hannu in taɓa ta sannan na karanto masa tas. Ya ɗauki alli ya rubuta babbar bakwai a jikin duro, ya janye ni baya zuwa bakin titi, na ce masa ɗaya ce. Kawu, mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ya zauna a kan benci yana kallona. Can ya tambaye ni a ina nake zama a aji, na ce a baya. Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya yafe mana."

Ranar kasuwa Baba ya biyo da kekensa a ba shi iska. Kawu ya ce, "Malam Idi, ɗan zauna, akwai abin da zan nuna maka." Ya garo taya ya ajiye mini a cinya, na karanta komai, faɗi da nauyi da gudu da ranar haihuwa, har da bayani. Baba ya ɗaure fuska, don a ganinsa ga tabbacin abin da yake faɗa: na iya, iskanci ne ya hana ni yi a makaranta. Sai Kawu ya gara tayar zuwa ƙarshen rumfa ya ce in sake. Na kasa. Ya ce wa Baba ya je ya tsaya a gindin dalbejiya ya ɗaga yatsu yadda ya ga dama. Baba ya tafi yana gunaguni ya ɗaga, ni kuwa ko hannun ban rarrabe ba, balle yatsu. Da ya dawo Kawu ya kawo maganar asibiti da tabarau, Baba ya ce ina aka taɓa ganin yaro da tabarau, ai na tsofaffi ne da 'yan gayu, kuma an ce yana cinye ido. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ita taya an rubuta mata iyakarta a jiki, duk da haka muna ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Shi yaron nan ba a rubuta masa ba. Shekara uku muna labta masa." Baba ya ɗauki kekensa ya tura shi da hannu har gida, ya manta ma ba a sa iskar ba.

Washegari da kansa ya raka ni makaranta. Ban ji abin da suka tattauna da Malam Garba ba, na dai ga Malam ya dafe kai, kuma a ranar aka dawo da ni bencin gaba, zanƙalele a tsakiyar gajeru, na baya suna ƙorafin na tare musu. Malam ya riƙa ba ni littafinsa in riƙe lokacin hutun tara, da haka baƙaƙen da na kwaso daga rumfar Kawu suka fara haɗuwa suna zama kalmomi. Aka kai ni asibiti a Malumfashi aka gwada idon, muka sake komawa karɓo gilashin bayan an haɗa. Da aka ɗora mini shi na fito waje, tsoro ne ya fara kama ni. Ashe bishiya ganyenta ɗai-ɗai ne tun daga nesa. Ashe ana iya gane mutum tun bai yi magana ba.

A hanyar dawowa ina bayan keken Baba har muka wuce kasuwa. Sai ya ja birki a gaban wani shago ya nuna allon da ke sama ya ce wai me aka rubuta a can, yana son ya san ko suna sayar da taki. Na karanta masa a hankali. Muka yi gaba kaɗan ya sake tsayawa a wani, sannan wani, har da bayan wata mota da ta lalace a gefen hanya. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana bin hanyar nan, ya san kowane shago da mai shi, ranar ya zama baƙo. Tafiyar da ba ta da nisa sai da muka yi la'asar a hanya. Baba bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba, iyayenmu ba sa faɗin haka, amma na ji shi sarai. Da ruwan fari ya sauka, ƙanensa ne ya riƙe masa shanu, ni sai in na taso daga makaranta nake bin su da iri.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Funtuwa, kuma a ajina ba a zama da tsawo sai na gwada idon kowa daga bangon baya. Kawu ya daɗe da rasuwa, inda rumfarsa take an gina shagon cajin waya, masu faci na yanzu da inji suke ba da iska, ba su da lokacin zama da ɗan wani. Kwanakin baya na je gida da 'yar tsohuwar motata na ɗauko Baba zuwa asibiti, don yanar ido ta rufe masa gani har ya daina gane jikokinsa sai da murya. Aka yi aikin lafiya. Ranar da aka cire masa bandeji muka fito, na tsuguna ina duba tayoyi kafin mu kama hanya, kamar yadda na saba. Da na ɗago sai na ga ya ƙura mini ido. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Hamisu, ashe har ka yi furfura." Na yi dariya, amma sai da na cire tabarau na goge fuska kafin na iya tayar da mota. Na so a ce Kawu yana kujerar baya ranar, yana yi mana tsiya. Allah ya jiƙansa, shi ne ya fara tsayawa ya duba daga inda nake kallo.